Dama Kaɗan, Abba

Na ga saƙonninku. Masu cewa “Tahura shiru, ko an shafa fatiha ne ba a gayyace mu ba?” ku kwantar da hankalinku, ba a shafa komai ba. Sau nawa ina ɗaukar waya in rubuto muku sai in ajiye, don har yanzu in na kai hannu kusa da fuska warin kwalta nake ji, da na ji shi kuma sai ranar Sallar nan ta dawo min sabuwa.

Waɗanda ba su san ni ba, ni ce ’yar Motaleb mai jirgin ruwa, shekarata ashirin da shida. Tun da ambaliya ta kwashe mana gida shekara uku da suka wuce, ni da Abba muka tattara abin da ya rage muka koma cikin jirginsa da zama. Jirgin katako ne mai ɗaki biyar, huɗu na baƙi, ɗaya nawa, Abba kuwa tabarmarsa na kan rufi in babu ruwan sama. Idan damina ta sauka, ruwa ya shanye gonaki har haor, wato babbar fadamar nan tamu, ya koma kamar teku, mukan ɗebo ’yan Dhaka daga gaɓar Tahirpur mu yi kwana biyu muna yawo da su. Girki nawa, tuƙi na Abba, inji na abokin aikinsa Chacha Gofur. Chacha kawu ke nan, haka muke kiran duk dattijo.

Akwai abin da ban taɓa rubuta muku ba, yau zan faɗa tunda ya riga ya fasu. Abba ba ya gani. Yanar ido ce ta fara rufe masa na hagu, bara ta haura na dama. Yana rarrabe haske da duhu, amma mutum a gabansa inuwa ce kawai. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, ko ƙanwarsa. “Wa zai hau jirgin da makaho ke tuƙi, Uwata?” In na yi maganar asibiti sai ya ce bayan damina.

Shi ya sa duk wanda ya taɓa hawa jirginmu zai ce muku ya ga wata zaune a gefen matuƙi, faranti a cinya, tana yanka albasa. Har hoto suke ɗaukar mu, wai ’ya mai son ubanta. Ba su san bakina na motsi a ƙarƙashin mayafi ba. Dama kaɗan, Abba. Kwale-kwalen mai agwagi a gaba. Rage wuta. Hannunsa ya san ruwan nan shekara arba’in, ido kawai nake ara masa.

Jajiberin Babbar Sallah na tashi kamar kullum. Bayan asuba nakan ɗaga katakan daɓe in sauka can ciki in kwarfe ruwan da ya taru. A al’ada bokiti huɗu ne. Ran nan sai da na kwashe goma sha ɗaya.

Na ɗauko wuƙar gyaran kifi na bi katakan ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da ƙotarta. Katako mai lafiya da ƙarfi yake amsawa. Can wajen goshin jirgi ta dama, ƙasa da inda ruwa ke tsayawa, wani ya amsa min “duf” kamar ruɓaɓɓiyar kabewa. Na sa tsinin wuƙar, ta shige kamar cikin ayaba.

Na ɗauki hoto na tura wa Shobuj. Tsofaffin masu karatu sun san shi, kafintan jirage mai gutsurarren haƙorin gaba, wanda shekara uku ke nan yana ce min zai turo manyansa. Bayan girbi. Bayan auren ƙanwarsa. Bayan azumi.

“Katakon nan ya mutu. Za ka iya zuwa yau?”

Ya karanta nan take. Amsar kuwa sai da na riƙe wa Chacha Gofur mazurari ya canja man inji, na rataya ta bayan jirgi na yanke kainuwar da ta naɗe farfela, sannan ta shigo.

“Ina hanyar ƙauye, ni zan kai saniyar layyarmu. Kada ku fita da shi. Bayan Sallah zan duba.”

Na rubuta “Wace Sallar?” na goge. Na tura masa “To”.

Ni na yi facin da kaina. Na ɗora kwalta a wuta, na cusa auduga a tsagar da bayan wuƙa, na yanko gwangwanin mai na buga da ƙusa, na shafe. Ina fitowa daga ramin, gashi a hargitse, hannu baƙi ƙirin har gwiwa, na ji murya daga gaɓa.

“Innalillahi! Wannan ’ya ce ko bakanike?”

Fupu Rahela ce, ƙanwar Abba, da jaka biyu da lema, baki jajir da ganyen pan da take taunawa kamar goro.

“Sannu da zuwa, Fupu. A hankali, tsanin da santsi.”

“Santsi ya ci gidansu. Karɓi jakar nan. A’a, kada ki taɓa ta da hannun nan! Ina Yaya?”

Ba ta ko sha ruwa ba ta zazzage abin da ya kawo ta. Ƙawarta Dilruba ta zo Sallah daga Landan da ɗanta Ferdous, manaja ne a wani babban gidan abinci. Gobe bayan azahar za su zo, Abba ya fita da su su ci abincin Sallah a kan ruwa.

“Haor suke son gani,” in ji ta, tana kallon rufi.

“Haor mai shekara ashirin da shida,” na ce a hankali.

“Na ji ki, mara kunya. Eh, ke za su gani. Sa’anninki ’ya’yansu na makaranta, ke kina nan kina wari kamar tashar mota. Jiran wa kike? Mai gutsurarren haƙorin nan? Kare ma in ya yi shekara uku yana haushi a ƙofa, ko dai ya shigo ko ya tafi.”

Na haɗiye wannan. Na juya wajen Abba na faɗa masa maganar katako. Ya tattare zanensa ya sauka ramin, ya bi facina da tafin hannu, ya danna da babban yatsa.

“Kin yi aiki mai kyau. Zai riƙe, in ba a buge shi ba.”

“Abba, a ce musu jirgi ba lafiya mana. Su ci a nan gaɓa.”

“Rahela ta riga ta ba su magana.” Ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. “Uwata, ba za ki tsufa a gefena kina yanka albasa ba.”

Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi.

Da la’asar na shiga madafi. Madafinmu bai fi shimfiɗar dadduma biyu ba: murhun gas mai kai biyu, kanta ɗaya, taga ɗaya mai kallon ruwa. Komai a ɗaure yake ko a tokare, don ko kwale-kwale ne ya wuce sai tukwane sun gaisa. Na kwaɓa garin shinkafa da mazarƙwaila na handesh, wainar Sallarmu mai zaƙi, na tokare kaskon da guntun bulo don kada mai ya karkata gefe ɗaya. Ukun farko suka ƙi tashi, suka kwanta a mai kamar ganye.

“Na uwarki kamar ƙwallo suke kumbura,” Fupu ta ce daga ƙofa.

“Ammu a ƙasa take soya nata, Fupu. Ƙasa ba ta rawa.”

Nan take na yi nadamar faɗa. Sallar ƙarshe da muka yi a gida ce ta faɗo min: Ammu a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar mangwaro, tana korar agwagi da ludayi, ni ina satar na farko ina hura yatsu. Yanzu inda mangwaron yake ruwa ne ya kai tsayin mutum biyu, Ammu kuma ba ta ga ambaliyar ba ma, Allah Ya ji ƙanta. Aka soma yayyafi, rufin madafin ya fara ɗiga a inda ya saba. Na tara kwano na ci gaba da suya.

Ranar Sallah gari ya waye da hadari mara zuba. Abba ya sa farar doguwar rigarsa, na shafa masa turare a wuya, na raka shi har ƙarshen tsani da sunan riƙe masa dadduma. Daga nan Chacha Gofur ya wuce gaba yana surutun banza da ƙarfi, Abba na bin muryar har filin Idi. Chacha bai taɓa nuna ya san komai ba. Amma mutumin da bai cika magana ba, tun bara ya zama aku in dai suna tafiya tare.

Jirage bakwai muka haɗu a saniya ɗaya. Kafin sha ɗaya kasonmu ya iso a baho, an rufe da ganyen ayaba, da ɗuminsa. Na ware na maƙwabta da na masu zuwa karɓa, sauran na bi shi da wuƙa. Albasa kwano guda na soya har ta yi ja, citta da tafarnuwa a dutse na niƙa, kirfa, kanumfari, barkono. Tukunya ɗaya akhni, shinkafa mai ƙamshi da ake turarawa cikin romon nama. Ɗaya kuma nama da ɓawon shatkora, lemon nan namu mai ɗan ɗaci da ba a Sallah sai da shi. Fupu na murza gurasar garin shinkafa a kan akwatin kayan gyara, tana mitar warin dizal. Semai, taliyar madara da zabibi, tun safe na yi ta na tsoma kwanon a bokitin ruwa don ta yi sanyi. Tsakanin juya tukunya da juya tukunya sau biyu na ɗaga katako na leƙa facina. Yana zufa, amma yana nan.

Sai aka zo kaina. Fupu ta zaunar da ni ta dirje hannuna da kananzir, ta bi da lemon tsami, ta bi da sabulu, har fatar ta yi zafi. Kwaltar ƙarƙashin farce ta ce ba inda za ta.

“Ki naɗe yatsun a cikin zani. In an miƙo miki abu, ki karɓa da sauri.”

Ta buɗe akwatin ƙarfen Ammu ta ciro koren sarinta mai bakin zinare, abu ɗaya da ambaliya ta bar mana na kayanta. Akwai tabon ruwa a gefe, Fupu ta san yadda ta naɗa ya shige cikin ninki. Awarwaro shida-shida, kwalli, hoda, ɗan jan baki. Na kalli ɗan madubin ɗakina, na ga Ammu tana kallona a gajiye.

Bayan azahar suka iso. Khala Dilruba, kamar yadda aka ce in kira ta, doguwa ce, da tabarau da farin takalmi, ta hau tsani tana “Ya Allah, Ya Allah” kamar siraɗi aka ɗora ta. Ɗan na bayanta riƙe da kwalin alewa. Zai yi talatin da huɗu, gashin gaba ya fara ja da baya, ba kyakkyawa ba, ba mummuna ba. Ya durƙusa ya taɓa ƙafar Abba. Abba ya sa masa albarka yana kallon ɗan gefe da inda fuskarsa take. Na ga Ferdous ya ɗan dakata, sannan ya miƙe.

Ina madafi ina juye nama sai ga inuwa a ƙofa.

“A taimaka min da ruwa.”

Na miƙa masa da sauri kamar yadda aka ce. Bai tafi ba. Ya shaƙi tururin tukunyar.

“Sai da naman ya yi laushi kika sa shatkorar ko? Shi ya sa bai yi ɗaci ba.”

“Ashe manaja ya san tukunya.”

Ya yi ’yar dariya, ya naɗe hannun riga. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa tabon ƙuna ne, tsoho a kan tsoho.

“Manajan tukunya. Shekara goma sha huɗu ina tsaye gaban wuta, uwata ce take ƙara min girma in mun zo gida. An faɗa miki na taɓa aure?”

Na girgiza kai.

“Na san ba za a faɗa ba. Shekara biyu muka yi, ta ce ta gaji da miji mai warin albasa. To, kin ji daga bakina.” Ya kalli yatsuna da na manta ban ɓoye ba. “Wannan kuma kwalta ce.”

“Kwalta ce.”

“Man girki ya fi kananzir fitar da ita,” ya ce, ya ajiye kofin ya fita.

Kada ku tambaye ni me na ji. Ban ji komai ba, sai dai na tsaya riƙe da ludayi na ɗan lokaci.

Chacha Gofur ya tayar da inji. Na suri farantina da albasa biyu na nufi matakalar rufi, sai ji na yi an damƙe min hannu.

“Ina za ki?”

“Wajen Abba, Fupu. Albasa zan...”

“Albasar me bayan an gama girki? A sarin uwarki za ki hau rufi kamar biri? Wuce ki zauna.”

Daga sama Abba ya kira, “Tahura?”

“Tana da baƙi, Yaya! Kai da ka san ruwan nan kamar tafin hannunka, rakiyar me kake nema?”

Na jira ya ce wani abu. Ya ce a turo min ita, ya ce ruwa nake so, ya ce komai. Bai ce ba. Na ji an kwance igiya.

Masu karatu, a nan ne laifina yake. Da na fizge hannuna na hau, iyakaci a ce ba ni da kunya. Amma na tuna maganarsa ta jiya, na ce a raina ai ruwan fili ne, ba nisa za a yi ba, kuma a hankali yake tafiya. Na bi Fupu na zauna a ɗakin gaba tsakanin mata biyu, na sunkuyar da kai.

Aka zuba abinci. Khala ta ɗanɗana akhni ta ce ba laifi, gishiri ya ɗan yi kaɗan. Ta tambaye ni ko na sauke Alƙur’ani, aji nawa na yi, ko ina jin Turanci. Ta ce in tashi in ɗauko mata ruwa, na san tafiyata take son gani. Ta ɗaga min mayafi ta duba tsawon gashi. Ferdous na can gefe yana cin abinci, kunnensa ya yi ja. Ni kuwa jikina ne a ɗakin. Kunnena na kan inji, ƙafata na jin yadda iska ta taso daga wajen duwatsu tana tura mu gefe.

Da na miƙa wa Khala semai na saci kallon taga. Itatuwan hijol da ke tsaye cikin ruwa iya wuya, waɗanda ya kamata mu bari can nesa ta dama, ga su nan dab da mu har ina ganin ganyensu. A gabansu kuma ruwa na murɗawa a kan wani baƙin kututture.

“Hagu, Abba! Hagu!”

Ban san na iya ihu haka ba. Ya ji ni, don na ji jirgin ya fara juyawa. Amma an makara.

Ƙarar ba ta da yawa. “Gum”, sai wani dogon kuka na katako. Kwanon semai ya kife a farin takalmin Khala, tukwane suka zube a madafi, Fupu ta dafe bango tana salati. Na ture tabarma na ɗaga daɓen. Facina ya ɓalle, gwangwanin na reto a ƙusa ɗaya, ruwa na shigowa da kaurin hannun mutum.

Na diro ciki da sarin da awarwaron da komai. Na cusa matashin kujera, ruwa ya turo shi. Na warware gefen sarin Ammu mai zinaren, na dunƙule na danna a ramin, na bi da matashin, na jingina kafaɗata a kai da duk ƙarfina. Chacha Gofur ya rugo da guduma da guntun katako. Ferdous ya juye sauran akhni a faranti, ya diro da tukunyar ya hau kwarfa, farin wandonsa ya koma kalar laka.

“Ba zai kai mu gaɓa ba,” Chacha ya ce, ƙusoshi a baki. “Sai dai tudun ƙauyen can, a ɗora shi a kan taɓo.”

Tudun na nan kusa, amma tsakaninmu da shi itatuwa ne da turakun masunta. Na ɗaga kai. Inji na aiki, jirgi na tafiya, Abba na can sama shi kaɗai riƙe da sandar tuƙi, bai san ina ya dosa ba. In na saki ramin mun nutse. Chacha na bugun ƙusa. Fupu ba ta san dama da hagun jirgi ba.

Na kalli Ferdous.

“Bar kwarfar. Hau sama ka faɗa masa hanya.”

“Ni? Ai shi ya san...”

“Ba ya gani!” Na ji muryata ta cika jirgin. “Abbana ba ya gani! Hau!”

Fupu ta saki bango. Ba zan manta fuskarta ba. Ferdous bai ƙara tambaya ba, ya miƙa mata tukunyar ya haye. Ruwa ya kai min ƙugu, sanyinsa na shiga ƙashi, ina jin muryar baƙo daga sama tana faɗa wa Abba abin da shekara biyu ni kaɗai ke faɗa masa. “Dama, Chacha. Ƙara kaɗan. Haka. Miƙe.” Fupu na kwarfa tana kuka, pan na zubo mata a haɓa.

Da goshin jirgin ya nutse a taɓo, duk ƙauyen na tsaye a bakin ruwa da kayan Sallarsu. Aka ciro ni, hannuna ya ƙi miƙewa. Rabin sarin Ammu na jikina, rabi an buge shi da ƙusa a cikin jirgi. Wata tsohuwa ta yafa min zaninta.

Khala Dilruba ba ta yi hayaniya ba, da ma ta yi. Ta sa aka nemo mata ƙaramin jirgin inji, ta tsaya da takalminta a hannu ta ce, yadda kowa zai ji, “Rahela, shekara talatin muna tare, ki ɗora ni da ɗana a jirgin makaho?” Ferdous ya ce, “Ya isa haka.” Ya je ya yi wa Abba sallama, ya kalle ni kamar zai yi magana, uwar ta kira sunansa, ya bi ta.

Kafin magariba wayar Chacha ta yi ƙara ta fi sau goma. Duk masu jiragen Tahirpur sun ji. Fupu ta hau rufi ta zauna a gaban Abba tana ta maimaita, “Yaya, tun yaushe? Ni ba ’yar’uwarka ba ce?” Bai amsa mata ba. Ni ma bai ce min uffan ba. Na kai masa abinci, ya bar shi a rufe.

Washegari jirginmu na kwance a karkace kan taɓo kamar saniyar da aka kayar. Na fito da katifu na shanya, na wanke injin da ruwa ya taɓa, na kankare shinkafar da ta manne a daɓe. Sauran naman na sake tafasa shi da gishiri da kurkur don kada ya lalace. Da hantsi saƙon Shobuj ya shigo.

“Na ji labari. Ai sai da na ce kada ku fita. Jibi ko gata zan shigo.”

Ko “ya jikinki” babu. Na kife wayar a kanta na ci gaba da kankara, hawaye na ɗiga a bokiti.

“Tahura.”

Abba ne, karo na farko tun jiya. Na hau da sauri. Yana zaune a inda ya kwana, da rigar Sallarsa duk ta yamutse, ya miƙo min tsohuwar wayarsa mai maɓallai.

“Saƙo ya shigo. Karanta min.”

Baƙuwar lamba ce. Na buɗe.

“Assalamu alaikum Chacha, Ferdous ne. Uwata ta ce magana ta mutu, ni a wurina ba ta mutu ba. Na samu likitan ido a Sylhet, zai duba ka ranar Laraba, ni zan zo in kai ka, ko an ba ni Tahura ko ba a ba ni ba. In kuma ta yarda, ina neman aurenta kafin in koma. Saura min kwana tara. A tambaye ta, kada a matsa mata.”

Sau biyu na karanta a zuci. Kwana tara. Na kalli katifun da na shanya, na kalli ramin da ke jiran kafinta, na kalli tsohon nan da ko takalminsa sai na juya masa kafin ya sa. Na tuno Landan da ban san ko da wane ruwa ake alwala a can ba, da uwar miji da ta kira ubana makaho a gaban ƙauye guda. Na tuno gutsurarren haƙori, Allah Ya sani na tuno shi, duk da abin da ya rubuto min. Na kuma san in Abba ya ji saƙon nan, kafin azahar ya amsa.

“Kamfanin waya ne,” na ce. “Barka da Sallah suke yi.”

Har maganar likitan na haɗiye, masu karatu. Ku zage ni, na cancanta.

Agwagin ƙauye suka wuce ta ƙarƙashinmu suna kuka. Ya juyo da fararen idanunsa daidai inda nake, wannan karon bai kuskure ba.

“Barka da Sallah ce ta sa numfashinki ya canja?”

Na sunkuyar da kai ina kallon wayar.

“Jiya kin tona nawa a gaban duniya, ban ce miki komai ba, don gaskiya kika faɗa. Yau kuma ni za ki rufe?” Ya lalubo hannuna mai riƙe da wayar ya damƙe. “Zauna, Uwata. Sake karantawa, daga sallamar.”